Igiyar da Ba Ta Sallama

Bunsurun Alfa Sumana ne ya jawo komai. Baƙin bunsuru ne mai gemu har ƙirji, wanda duk Tondi-Dey ta san halinsa. Mata cewa suke gado ya yi, in ka tambaye su wa ya gada sai su waiwayi zauren Alfa, malamin garin, su rufe baki da gefen zane. Ranar Juma'a da hantsi ya biyo wata akuya a guje, akuyar ta zo bakin rijiya ta goce, shi bai goce ba. Waɗanda ke wurin sun ce an daɗe ana jin kukansa yana nisa kafin a ji faɗuwarsa.

Rijiyar gaba talatin da takwas ce, ita kaɗai ce kuma a garin. Ga bazara ta kai inda take kaiwa, tafki ya tsattsage kamar ƙafar mai faso. Aka zura ƙugiya aka yi ta lalube har la'asar, ba abin da take fitowa da shi sai gashi. Kafin azahar ɗin Asabar, ruwan da aka jawo ko jaki ya shinshina sai ya ɗaga kai ya yaƙe haƙora. Rijiya mafi kusa ita ce ta Fandu, wadda in mace ta fita da jarkoki bayan sallar asuba sai rana ta karkata take dawowa, rabin ruwan kuma sun shanye shi a hanya ita da jakin.

Saboda haka Maigari Hassumi ya aika wa Munkaila mai yasar rijiya cewa gobe Lahadi, in rana ta tsaya tsaka ta haska ƙasan rijiyar, ya sauka ya ɗauro bunsurun a fitar, sannan a kwashe ruwan da ya ɓaci.

Munkaila ɗan tsamurmurin mutum ne, ya ba hamsin baya, tun gemu bai fito masa ba yake shiga rijiyoyin ƙasar nan. Matarsa Dommo ta fi shi tsawo da kai guda, har ana cewa in ya ɓata mata rai kan rumbu take ɗora masa hula. Ita ke kula da igiyar da ake zura shi da ita. Uban Munkaila, Allah ya jiƙansa, da igiyar rama ya yi aiki har ya tsufa, ya kuma bar musu doka: kada igiya ta kwana a jiƙe, kada ta kwana a ɗaki. Danshi na ruɓar da ita, ɓera na ci, gara na ci. Wurin igiya saman rufi ne, inda rana za ta busar da ita. Da Munkaila ya sayo ta roba shekara huɗu da suka wuce, shuɗiya mai kaurin tsintsiyar hannun yaro, Dommo ba ta sauya komai ba. Duk sa'ad da aka dawo da ita daga aiki sai ta wanke mata laka, ta naɗe ta, ta ɗora kan rufin kwanon ɗakin ajiya. Can take zama rani da damina. Ba matar da ta kai ta kula da igiya, ita ma ta san haka, tana kuma faɗi.

Da yammacin Asabar ɗin ta taka turmi ta sauko da ita. Ta fara warware ta a tsakar gida tana bin ta da hannu kamar yadda ta saba. Da ta kai ƙarshe ta ɗaga hannu za ta share gumi, sai ta ga tafinta ya yi fari da wani gari mai ɗan shuɗi-shuɗi. Ta kaɗe a zane, ta sake shafa wani wurin. Garin ya sake fitowa. Ta lanƙwasa igiyar, ta ji ta yi tauri kamar busasshen kara, amma ko zare ɗaya bai tashi ba.

Ta daɗe tsaye. Abin da ya faɗo mata a rai wata koriyar buta ce da ta manta a bayan ɗaki shekara guda. Ran da ta tuna da ita tana nan zaune lafiya lau, ba tsaga ba ɓula, sai ɗan koɗewa. Tana kama mariƙin ya zo mata a hannu, sauran ya zube kamar ɓawon ƙwai.

Munkaila na zaune kan tabarma yana cin kwaɗon zogale da dambu. Ta je ta shimfiɗa masa tafinta a gaban kwanon.

"Baban Haisa, dubi nan."

"Na gani. Wanke ki zo mu ci."

"Daga igiyarka ya fito."

"Ƙura ce."

"Ƙurar Tondi-Dey ja ce. Yaushe ta koma shuɗiya?"

Ya lashe yatsa ya miƙe, ba don ya yarda ba, sai don ya san in bai miƙe ba ba zai gama cin abincin nan da daɗi ba. Ya yi wa igiyar abin da ubansa ya koya masa. Ya shinshina ta gaba-gaba, ba warin ruɓa. Ya ɗaga ta ga hasken rana yana neman gashin da igiya ke fitarwa in ta fara gajiya, babu ko ɗaya. Ya ɗaura ƙarshenta a gindin darbejiya, ya sa Dommo ta ja da duk tsawonta, ya kafa kunne a jiki. Igiyar rama in ta kusa, kuka take, ƙiƙiƙi, kamar ƙofar da ba ta sha mai ba. Wannan shiru.

"To kin ji," in ji shi. "Baba cewa yake igiya ba ta mutuwa ba ta yi sallama ba. Sai ta yi wari, ta yi gashi, ta yi kuka, sannan ta tafi. Wanne wannan ta yi?"

"Igiyar Baba 'yar ƙasar nan ce, ta ji yarenmu. Wannan wa ya san yarenta?"

"Wanda ya sayar mini ya ce shekara goma."

"Shi ya taɓa shiga rijiya?"

Ta ba shi labarin butar. Ya yi dariya har ya ƙware.

"Yanzu ni Munkaila a kan buta za a ce na fasa aiki? Ke Dommo, ki ji tsoron Allah. Buta daban, igiya daban."

"Duk roba ce. Rana ce ke cin su. Abin da muke yi don mu raya ta, ina jin shi ne ke kashe ta." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni na ɗora ta can da hannuna, shekara huɗu."

"Kul. Kada ki yi mini mugun baki ana gobe zan sauka."

"Ka bari sai Alhamis. Mai igiya na zuwa kasuwar Goru-Kaina daga Yamai, a sayo sabuwa. Juma'a ka sauka."

Ya lissafa da yatsu a gabanta, Lahadi, Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, ya bar hannun a buɗe. Kwana biyar gari guda na zirga-zirga a hanyar Fandu, da tsofaffi, da masu jego, da awaki. Mota ba ta ratsowa sai ranar kasuwa. Dommo ma ta san wannan. Shi ya sa ta kwashe kwanon tun bai ce ya ƙoshi ba.

Magana a Tondi-Dey ba ta buƙatar ƙafa. Wata maƙwabciya da ke tsince wake a jikin danga ta ji komai, kafin a kira magariba labarin buta ya zaga gari ya dawo da ƙari. Wai Dommo ta yi mafarki. Wai ta ga buta tana magana.

Lahadi da safe aka taru a bakin rijiya. Gwafanni biyu ne manya a kafe, an gicciya musu gungume wanda igiyoyi suka yi wa zane-zane. Tinni, ƙanen Dommo, ƙato mai sanƙo, shi ke gaban masu riƙe igiya tun shekara goma sha biyar, kuma tun ranar da aka kai yayarsa gidan Munkaila bai daina tsokanarsa ba.

"Kwaɗo!" ya ɗaga murya. "An ce yaya ta hana ka wanka yau."

"Mai sanƙo, rufe kanka kada ka kashe wa mutane ido."

"Ni dai in ka tafi, keken nan naka nawa ne. Hular kuma tana kan rumbu, na san wurin."

Aka yi dariya. Dommo ba ta yi ba. Ba a saba ganin matar mai yasa a bakin rijiya ranar saukar mijinta ba, amma ta zo, ta tsaya gaban Maigari ta gaishe shi ta miƙa masa tafin hannunta.

Maigari Hassumi mutum ne da ba ya son a ce shi ya yanke magana. Ya dubi garin, ya shafa da yatsa, ya tambayi jama'a ko akwai wanda ya san tsawon ran irin wannan igiya. Nan fa kowa ya zama masani. Wani da ya yi dako a bakin teku a Kwatano ya ce ya ga irinta tana riƙe jirgin da ya fi garin nan girma. Wani ya ce can ɗin duk shekara biyu suke jefarwa. Wani ya ce ai ruwan gishiri ne ke ci musu, mu nan ina gishiri. Alfa Sumana ya ce rai da igiya duk a hannun Allah suke, sannan ya ƙara da cewa in an fito da bunsurun a duba masa ko fatar za ta moru.

Gambi, matar Maigari, wadda ta yi tafiyar Fandu jiya a karo na farko tun aurenta, ƙafafu sun kumbura, ta ce daga cikin mata:

"Dommo, ke kina da randa uku cike, mun sani. Mu da ba mu da su fa? Mu sha buta?"

"Randa biyu ce, Gambi, kuma ɗaya ke kika ara ba ki mayar ba."

"Ku yi shiru," in ji Maigari. Ya juya ga Munkaila. "Kai ne mai shiga. Me ka ce?"

Munkaila ya dubi matarsa, ya dubi jarkokin da aka jera babu komai ciki, ya dubi wata tsohuwa da ke zaune a ƙasa tana tsotsar tsumman da ta jiƙa. Tinni ne ya fitar da shi. Ya daina dariya tun da ya ga tafin yayarsa.

"A gwada ta," ya ce. "Kwaɗon nan bai kai buhun gero ba. A ɗaura mata buhu biyu na yashi a zura. In ta ɗauki biyu, ta ɗauke shi."

Kowa ya ce wannan magana ce. Aka cika buhuna biyu, aka ɗaura, mutum goma suka riƙe, aka zura har kusa da ruwa, aka jawo. Igiyar ta miƙe sambal a kan gungumen, ba ta ce uffan ba. Maigari ya ce a sake. Aka sake. Buhunan suka fito kamar yadda suka shiga. Mata suka yi guɗa, Gambi ta fi kowa.

Dommo na kallon gungumen. Inda igiyar ta goga ya yi fari, iska na kwashe garin kaɗan-kaɗan. Ita ba ta san abin da gwajin nan ya nuna ba. Ko ya nuna igiyar na da sauran ƙarfi, ko kuwa ɗan abin da ya rage mata ne aka ba buhunan yashi suka cinye. Ta buɗe baki za ta faɗi haka, Munkaila ya zo ya tsaya kusa da ita yana tuɓe riga.

"Uwar Haisa," ya ce a hankali, yadda ba wanda zai ji. "Na ji ki. Yau kaɗai. Alhamis ni da ke za mu je mu sayo sabuwa, ki zaɓi launin da kike so."

"In kai ma ka yarda ta kusa, me ya sa yau?"

"Don yau ake jin ƙishirwa."

Ya miƙa mata rigar. Ya yi bisimilla, ya zauna kan guntun sandan da ke ɗaure a ƙarshen igiyar, ya zarga wani ƙulli a ƙirji. Rana ta tsaya tsaka. Aka fara sakin sa.

Dommo ba ta taɓa kallon saukarsa ba sai yau. Kansa ya yi ƙasa, ya koma kamar ƙwarya, ya koma kamar goro, sannan duhu ya haɗiye shi. Igiyar na bin gungumen tana tafiya, gaba, gaba, gaba, Tinni na ƙirgawa da ƙarfi. Wari na tasowa daga ciki mai sa ido hawaye. Dommo ta danne rigar a hanci ba don warin ba. A goma sha biyar ta ga wani wuri da ya fi sauran koɗewa ya hau gungumen, ya lanƙwasa, ya wuce. A ashirin da bakwai wani ya sake wucewa. Ta san su. Su ne ke kwana a sama in ta naɗe.

"Talatin da takwas!" in ji Tinni. Igiyar ta yi sako-sako.

Daga can ƙasa murya ta taso, ƙarama, kamar daga cikin tulu: "Na iso! Ku gaya wa Alfa ɗan'uwansa ya yi ƙiba!"

Dariya ta ɓarke, har Alfa ya murmusa. Gambi ta zungure ta kusa da ita ta nuna Dommo da baki. Ita kanta Dommo ta ji kunya ta rufe ta, irin kunyar da mutum ke maraba da ita. Ta ce a ranta gwamma a yi ta kiranta mai buta har ta mutu.

Munkaila ya kwance kansa ya ɗaura bunsurun, ya ce a ja. Aka ja. Bunsurun ya sha ruwa ya kumbura, amma bai kai rabin buhunan ɗazu ba, maza har waƙa suka fara. Ya hau gaba biyar, ya hau takwas. A wajen goma ya tsaya cik. Ƙahonsa ne ya maƙale a leɓen wani zoben siminti da ya ɗan goce daga layi.

"Ku sassauta!" Tinni ya ce.

Na baya ba su ji ba saboda waƙar. Sun ji abu ya ƙi, suka yi abin da maza ke yi in abu ya ƙi: suka haɗa ƙarfi suka fizga.

Igiyar ba ta yi kuka ba. Ba ta yi komai ba. Ƙara ɗaya aka ji, tas, kamar an karya busasshen kara, mutum goma suka zube a kan juna. Guntun da ya rage a hannun Tinni ya yi tsalle daga gungumen ya tsula masa a fuska. Sauran, gaba ashirin da wani abu, ya bi bunsurun ya koma ciki da wani irin shuuu, sannan ruwa ya amsa daga ƙasa.



Dommo ba ta san ta isa bakin rijiyar ba sai da ta ji siminti na ƙona mata ciki. Ta leƙa. Baƙi ƙirin, sai ɗan ƙyallin ruwa yana rawa. Tinni na gefenta, jini na zuba daga girarsa.

"Kwaɗo!" ya kira. "Munkaila! Yaya Munkaila!"

Shiru. Wata ta fara salati. Wata ta ruga ta ɗauko madubi aka karkato rana ciki, hasken ya yi ta yawo a bango ya kasa tsayawa. Dommo ta fizge madubin. Shekara ashirin da shida ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba.

"Munkaila!"

Can sai tari. Sannan muryar, ba ta kai ta ɗazu ba.

"Dommo ce? Ashe kin san sunana."

Yana raye. Ya manne da bango da ya ji ƙarar, bunsurun ya same shi a kafaɗa. Hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Ruwa na kai masa ƙirji, numfashi na yi masa wuya, ya ce in za a yi wani abu a yi da sauri don ido ya fara yi masa duhu-duhu.

Maza suka hau surutu gaba ɗaya. Wani ya ɗauko guntun da ya rage ya ce a ƙulla masa ƙari. Dommo ta karɓe shi, ta lanƙwasa bakin da ya tsinke a gabansu. Ya rududduge a yatsunta kamar tsohon rogo. Cikin fari fat, bayan kuwa sumul. Ta jefar.

"Mata!" ta ce. "Kowa ta kwance igiyar gugarta ta kawo. Da ta gida, da ta ɗaurin jaki in doguwa ce."

Igiyar guga siririya ce, ɗaya ba ta ɗaukar mutum. Amma gogar rijiya na cinye ta kafin ta shekara, saboda haka ba ta daɗewa a hannu balle rana ta gama da ita. Aka zube su a gabanta, ja da kore da ruwan ɗorawa. Ta durƙusa tana bin kowacce da tafi daga kai zuwa gindi. Wadda ta bar mata gari ta wurgar gefe. Ta wurgar da huɗu. Ta biyar ta Gambi ce, mai kauri, kyakkyawa, wadda ake aro ranar biki.

"Wannan daga Yamai aka kawo mini ita!"

"Mayar da ita Yamai."

Ta ware masu kyau, ta ce a kitsa su uku-uku. Maza suka ce tufka za a yi, ta ce ba lokacin tufka. Mata suka zauna a layi a cikin ranar nan, ƙafa a miƙe, suka hau kitso kamar suna gaban kan amarya, wannan na miƙa wa wannan. Inda ɗaya ta ƙare sai a ƙulla wata, ba a bari ƙulli biyu su haɗu a wuri ɗaya. Tinni na kwance a bakin rijiya yana zagin Munkaila don kada ya yi barci, yana ce masa ragon kwaɗo, yana ce masa keken ma tayarsa ɗaya ta sace. Da fari ana jin amsa. Daga baya sai ɗan gurnani. Gambi na tsakiyar layin, yatsunta sun fi na kowa sauri, wannan kam a faɗa mata gaskiyarta.

Aka zura da zarge a ƙarshe, don ba zai iya ƙulli da hannu ɗaya ba. Aka jira. Tinni ya yi ta kira. Can igiyar ta motsa, ta yi nauyi.

"A hankali," in ji Dommo. "Wanda ya fizga, wallahi ni zan jefa shi ciki."

Ba waƙa wannan karon. Igiyar ta yi ta hawa kan gungumen tana ɗigar ruwa, kowane ƙulli in ya zo sai ya tsaya ya yi gardama, sai Tinni ya sa kafaɗa ya ɗaga shi ya wuce. Dommo na kallon kowanne. Ba wadda ta san shekarun igiyoyin nan da gaske, kowace mace cewa ta yi tata sabuwa ce, kuma ta san matan garinsu. A wajen rabi wani zare ja ya tsinke ya warware yana lilo, biyun da suka rage suka miƙe suka yi siriri. Aka tsaya. Ba wanda ya ce a tsaya, hannaye ne suka tsaya da kansu.

"Ku ci gaba," ta ce.

Wurin ya hau gungumen, ya wuce.

Da kan Munkaila ya bayyana, fuskarsa ta yi toka-toka, leɓe ya yi baƙi, kafaɗar dama ta sauka inda ba wurinta ba. Aka kwantar da shi a inuwa, aka aika kiran maɗori. Ya buɗe ido ya ga Dommo a kansa. Ya motsa baki, ta sunkuya.

"Ba ta yi sallama ba," ya ce.

Ta lulluɓa masa rigarsa.

Maɗori bai ma iso ba Maigari ya yi gyaran murya. Bunsurun dai yana ciki. Jarkoki na nan babu komai. Ya dubi kitsattsiyar igiyar da ke kwance a ƙasa, ya dubi Tinni.

"Tinni, kai ma ka san aikin nan. Ga igiya ta ɗauko mutum yanzu a gaban kowa. A gyara inda ya tsinke, rana ba ta gama karkata ba."

Idanu suka koma kan Tinni, wanda ya yi biyun Munkaila a nauyi. Ya shafa sanƙonsa. Ya dubi yayarsa kamar lokacin da yake goye a bayanta.

"Yaya, za ta ɗauka?"

Dommo ta je ta durƙusa ta bi igiyar da hannu. Ta juya tafin ta duba. Fata ta saɓule, ga jini, ga yashi, ga gari a cikin zanen hannun, ko na wannan ne ko na waccan ba ta iya cewa.

"Ban sani ba," ta ce.

"To tun da ba ki sani ba..." in ji Maigari.

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta kama ƙarshen kitson ta fara tsefewa. Ta zare kore ta kira mai ita ta miƙa mata. Ta zare ja ta kira mai ita. Mutane na tsaye cirko-cirko suna kallo, Maigari na cewa Dommo, Dommo, ba wanda ya matso, don akwai wuƙar yankan igiya a gefen gwiwarta kuma kowa ya ga fuskarta. Sai da ba abin da ya rage da zai ɗauki ko ɗan akuya sannan ta miƙe ta bi masu ɗauke da mijinta.

Aka rufe bakin rijiya da ƙaya. Litinin da asuba mata suka kama hanyar Fandu a layi, jakuna a gaba, warin bunsuru na rakiyarsu har bayan gari. Ungulu uku sun riga sun sauka kan gungumen suna leƙen ƙayar. Dommo na can baya ita kaɗai da jarkokinta, hannaye naɗe da tsumma. Tun kafin a wuce gonar Alfa magana ta daidaita a bakin kowa: igiyar nan shekara huɗu tana aiki lafiya, ta ɗauki buhu biyu har sau biyu a gaban jama'a, ba ta tsinke ba sai da wata ta kira mata tsinkewa. Gambi ce ta faɗa da ƙarfi, ba tare da ta waiwayo ba, wai akwai bakin da in ya ambaci ɗanka gara ka fara haƙa kabari.

Wata mai goyo da ke kusa da Dommo ta gyara ɗanta ta mayar da shi ɗaya gefen, ta ƙara sauri.